Yadda ake bin bas daga Ngaundare zuwa Marwa, a ci kasuwar Pitowa da ta Marwa a tafiya ɗaya

Hanya ɗaya ce ta ɗinke manyan garuruwan arewacin Kamaru, wato babbar hanya mai lamba 1. Ta bar Ngaundare ta gangara Garwa, ta wuce Marwa, ta bi ta Mora da Waza har Kuseri, inda kogi kawai ya raba ka da Njamena. Daga Ngaundare zuwa Garwa wajen kilomita 280 ne, daga Garwa zuwa Marwa kuma wajen 210. Mai gaggawa yana iya haɗa su a yini guda, ya isa da dare jiki duk ya mutu. Wanda sayayya ta fito da shi kuwa, ranakun kasuwa ne za su tsara masa tafiya: Pitowa tana ci ranar Lahadi, babbar ranar kasuwar Marwa kuma Litinin. Saboda haka ka tashi daga Ngaundare safiyar Asabar, ka kwana Garwa, Lahadi ka ci Pitowa ka wuce, Litinin ta same ka a Marwa.

Abin da za ka tanada

Katin ɗan ƙasa, na asali, kuma a aljihun gaba. Kada ka saka shi cikin jakar da za a jefa a ƙarƙashin mota, domin za a tambaye shi a wurin sayen tikiti, a kuma tambaye shi a shingayen hanya. Baƙon da ya shigo daga Cadi, Najeriya ko Nijar ya riƙe takardunsa na tafiya tare da katin rigakafin cutar shawara.

Kuɗi kashi biyu. Manyan ka bar su a waya, Orange Money ko MTN MoMo, ka riƙa cira a hankali a kowane gari. Ƙananan kuwa ka tara su tun daga gida: takardun 500 da 1000 da 'yan silalla. Canji yana wuya a nan ƙwarai, mai ƙosai ba za ta fasa maka takardar 10,000 ba ko da ta so. Wanda ya fito daga Nijar ya sani cewa sefarsa da tamu darajarsu ɗaya, amma takardun daban ne, 'yar kasuwa a Pitowa ba za ta karɓi ta yamma ba. Ya canza kafin ya shiga kasuwa.

Sai buhuna biyu ko uku waɗanda ba komai a ciki, a naɗe, da igiya, da alƙalami mai kaurin baki na rubuta suna a jikin buhu. Buta da darduma. Ruwan sha aƙalla babbar gora ɗaya. Rigar sanyi, domin Ngaundare tana kan tudu, sama da mita 1000, asubahinta akwai sanyi, sannan na'urar sanyaya mota ma tana iya kama mutum. Idan lokacin hunturu ne, daga Disamba zuwa Fabrairu, ka ƙara da rawani ko wani ƙyalle na rufe hanci. Mai yawan amai a mota ya ɗauki lemon tsami da leda, zan faɗi inda za su yi masa amfani.

1. Zaɓen mota da sayen tikiti

Kamfanonin da suka fi suna a wannan hanya su ne Touristique Express da Danay Express, akwai kuma wasu ƙanana. Kowanne yana da tasharsa, wadda a nan ake ce wa ajans. Ba tasha ɗaya ce ta tara kowa ba, don haka ka gaya wa mai moto, wato mai babur ɗin haya, sunan ajans ɗin da kake nufi, in ba haka ba ya sauke ka inda ya ga dama. A Ngaundare wannan bai cika wahala ba, yawancinsu suna wajen tashar jirgin ƙasa, saboda tun da layin dogo ya iso garin a 1974 a nan fasinjan Yawunde ke sauka ya nemi motar arewa.

Mota iri biyu ce. Akwai VIP, mai sanyi, mai lokacin tashi tsayayye, kuɗinta ya fi yawa. Akwai ta gama-gari, mai sauƙin kuɗi, wadda tashinta ya fi danganta da cikar fasinja, tana kuma tsayawa sauke mutane a ƙauyuka. Ni dai ra'ayina, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Garwa ke haura maki 40, abin da ka ƙara a kan VIP ba asara ba ne, musamman idan kana tare da tsoho ko yara. Da damina ko da hunturu, ta gama-gari ta wadatar.

Ka sayi tikitin tun ranar Juma'a, ka kuma nemi motar farko ta safe. Dalili shi ne jirgin ƙasa na Camrail da ke kwana a hanya daga Yawunde da safe yake isowa, kuma da ya sauke mutane ajans ke cika maƙil. Wanda ya zo bayansu sai ya bi layi. Ka duba tikitin a gaban mai sayarwa: sunanka daidai da na kati, ranar daidai, garin da za ka sauka Garwa. Kuma daga taga kawai za ka saya. Duk wanda ya tare ka a bakin ƙofa ya ce ka ba shi kuɗi ya karɓo maka, ka ce masa “Na gode, ɗan'uwa, zan ƙarasa da kaina.”

Idan ka tarar an sayar da kujerun safe duka, ka leƙa wani ajans ɗin kafin ka yarda da motar rana. Motar dare kuwa ba na ba kowa shawararta a wannan hanya.

2. Yammacin Juma'a a Ngaundare

Tikiti na aljihu, sauran yini naka ne. Idan ka samu sallar Juma'a a babban masallacin da ke kusa da fadar Lamiɗo, ka tsaya ka ga fitowarsa da dogarai da masu algaita, kallo ne da ba a biyan ko sisi. Daga nan ka nufi kasuwa. Garin yana da Babbar Kasuwa a tsohon gari, da wadda ake kira Ƙaramar Kasuwa, wadda girmanta ya ƙaryata sunanta.

Abu biyu ya kamata ka saya a nan, zuma da kilishi, domin Adamawa ƙasar shanu ce da amya. Zuma ka ɗanɗana kafin ka biya, wadda aka ƙona wajen ɗiba za ka ji ƙaurin hayaƙi a maƙogwaro. Ka sa a zuba maka a jarka mai murfin murɗawa, kada a cika ta har baki, saboda da kun sauka ƙasar zafi za ta yi kumfa ta nemi hanyar fita. Ka sa jarkar a leda, ka ɗaure, ka tsayar da ita a tsaye kusa da ƙafarka. Kilishi kuma a naɗe maka a takarda. Leda tana sa shi gumi, kafin ka kai Marwa ya saki. Tufafi da kayan fata ka haƙura da su tukuna, suna gaba.

Da dare masu son gasasshen kifi da hayaniya unguwar Baladji suke zuwa. Ka sani dai akwai mashaya a wurin, mai iyali gara ya ci tsirensa a bakin titi ya koma masauki da wuri.

3. Loda kaya

Ka isa ajans kamar awa ɗaya kafin lokacin da aka rubuta. Ka rubuta sunanka da lambar wayarka da “Garwa” a jikin kowace jaka, da manyan baƙaƙe. Jakar hannu ba a biya mata, amma buhu ko kwali mai nauyi ana yi masa kuɗi daban. Ka biya inda ake biya, ka karɓi takarda.

Kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne su miƙa kaya su hau mota su zauna. Ka tsaya a ƙasa har ka ga da idonka an saka kayanka a motar da za ka shiga. Sau da yawa mota biyu ko uku ake lodi a lokaci guda, wata ta Garwa, wata ta kudu, buhuna kuma duk kama suke yi. Idan a saman mota ake ɗaurewa, ka ce wa yaron mota, “Don Allah, ƙanena, wannan kada a ɗora masa nauyi,” ka ɗan ba shi na goro. Da damina ka tabbata tamfol ya rufe naka.

Kujera kuwa, tunda arewa za ku fuskanta da safe, rana tana ɓangaren dama. Ka nemi hagu, ka kuma guji layin ƙarshe, can ne duk wani rami ke ƙarewa a bayan mutum.

4. Daga Ngaundare zuwa Garwa

Bayan kamar kilomita 15 za ku wuce Dang, inda jami'ar Ngaundare take. Ba da jimawa ba sai ku iso gangaren da kowa ke ce wa Falez, inda hanya ke sauka daga tudun Adamawa zuwa kwarin Binuwai, kwana bayan kwana, manyan motocin kaya suna rarrafe a gaba. A nan lemon tsami da leda ke aiki. Kada ka cika ciki da abu mai maiƙo kafin wannan wuri, kada kuma ka duƙufa a kan waya. Idan direba ya lafe a bayan tirela ya ƙi wucewa, kada ka shiga cikin masu yi masa tsiya, ya san abin da yake yi. Da kun sauka Mbe za ka ji iska ta sauya, rigar sanyi ta gama aikinta.

Daga nan daji ne mai tsawo, gandun dajin Binuwai yana hannun dama, wani lokaci a ga gwaggon biri zaune a bakin kwalta. Za ku ci karo da shingayen jandarma da 'yan sanda da na duwan, wato kwastan. Idan an ce a sauka, ka sauka da katinka a hannu, ka miƙa, ka karɓa, ka taka zuwa inda motar ta tsaya. Ba a ɗaukar hoto a shinge, ko na wasa. Kuɗin da ake biya a shingen harajin hanya kuwa na direba ne, ba ruwan fasinja.

Mota takan tsaya don salla da cin abinci. Ka fara da bayan gida da alwala, ka yi sallarka, sannan ka nemi abinci, domin direba in ya danna oda sau biyu ba ya jiran na uku. Ka haddace lambar motarka kafin ka yi nisa, motocin kamfani ɗaya fenti ɗaya gare su.

Ngong, kafin Garwa, garin hatsi ne, masara da gyaɗa. 'Yan talla za su kewaye tagogi. Ka karɓi kaya da canji kafin ka saki kuɗi, ko kuma ka miƙa daidai abin da aka ce. A wannan yanki akwai mararrabar Lagdo, inda madatsar ruwan da aka gama a 1982 take. Daga can wutar lantarkin yankin ke fitowa, daga can kuma yawancin kifin da za ka ci yau da dare. Idan kun hau gadar Binuwai, kun iso. Ka ƙiyasta awa biyar zuwa shida, gwargwadon halin da hanya take ciki.

5. Daren Asabar a Garwa

Kafin ka bar ajans, kafin ma ka nemi masauki, ka koma taga ka sayi tikitin Marwa na gobe Lahadi, motar da ke tashi bayan azahar. Wannan shi ne abin da ke riƙe tafiyar duka. Idan kayanka suna da yawa, ka tambaya ko akwai ɗakin ajiya, a ba ka takarda. Idan babu, ka kai su masauki, ko wurin wani ɗan'uwa a unguwar Hausare in kana da shi.

Zirga-zirgar Garwa a kan moto ake yinta. Ku gama ciniki kafin ka hau, ka kuma faɗi unguwa da wata alama, masallaci ko mararraba, domin sunan titi ba ya kai mutum ko'ina.

Da la'asar sakaliya ka je bakin Binuwai, wajen gada, a nan ake ganin dorina. Ka kalla daga nesa. Samari za su ce su matsar da kai kusa ka yi hoto, ka ƙi. Dorina tana kashe mutum, kuma a guje ta fi ka sauri.

Mai son ƙwallo ya tambaya ko Coton Sport tana da wasa a gida. Ita ce ƙungiyar garin da aka kafa a 1986, ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2008, inda Al Ahly ta Masar ta doke ta. Filin wasan garin, Roumdé Adjia, kuwa 'yan Najeriya ba za su manta da shi ba: a nan suka cinye wasanninsu uku na rukuni a gasar cin kofin Afirka da aka buga a farkon 2022, a nan kuma Tunisiya ta fitar da su da ci ɗaya. Idan za ka shiga, ka bar manyan kuɗi a masauki, ka kuma fito kafin a tashi ko ka jira cunkoso ya lafa. Idan babu wasa, gidajen kallon ƙwallon Turai suna ko'ina a daren Asabar.

Abincin dare kifi ne, giwan ruwa ko karfasa, a gasa a kawo da yaji da albasa. Ka zaɓi kifin da kanka tun yana ɗanye, ku yi kuɗinsa, sannan a ɗora a wuta. Unguwar Yelwa ita ce ta kiɗa da mashaya, mai so ya sani, mai gudu ma ya sani.

6. Safiyar Lahadi a Pitowa

Pitowa tana wajen kilomita 15 daga Garwa, a kan hanyar Marwa. Ka tafi da sassafe a ƙaramar mota ko moto, da buhu ɗaya a hannu. Kasuwar ƙauye ce mai faɗi: hatsi, gyaɗa, albasa, busasshen kifi, kuka da kuɓewa, ƙwarya, tukwane, tabarmi, awaki da tumaki. Fulatanci ne harshen ciniki, amma da Hausa ma za ka yi sayayyarka, musamman wajen mahauta da 'yan koli. Ka fara da gaisuwa. “Sannu, Inna, nawa kwanon gyaɗa?” ya fi nuna kaya da yatsa arha.

Ka zaga sau ɗaya ba ka sayi komai ba, ka ji farashi a wuri uku. Wajen hatsi ka duba kwanon awo, wani gindinsa a buge yake. Ka tura hannu cikin buhu har ƙasa, na sama kullum ya fi kyau. Albasa ka matsa wuyanta, in ya yi laushi ba za ta yi mako ba.

Ga inda mutane ke faɗawa: tunda motar Marwa ta Pitowa za ta bi, sai su ce bari su jira ta a bakin hanya. Mota daga ajans take cika, kujerar da mai ita bai zo ba kuma ana iya ba wani. Ka koma Garwa kafin azahar ka hau daga tushe. In har ka makara ta wuce ka, akwai ƙananan motoci da ke ɗiban mutane a hanya, sai dai za ka sha matsi, wataƙila kuma a sauya maka mota a Figil.

7. Daga Garwa zuwa Marwa

Wannan zangon bai kai na jiya ba, awa uku zuwa huɗu. Yanzu rana ta koma yamma, saboda haka dama za ka nema. Za ku wuce Figil mai masana'antar siminti, sannan mararrabar Magada, inda hanyar Kaele da Yaguwa ta balle. Mai zuwa Yaguwa ya faɗa tun a taga, kada ya bari sai an zo nan. Filin jirgin sama na Salak shi ne alamar kun kusa. Da ka sauka, ka sayi tikitin komawa.

8. Litinin a Marwa

Marwa garin dalbejiya ne, tituna duk inuwa, ga rafin Mayo Kaliyawo ya ratsa ta, wanda da rani yashi ne zalla. Babbar kasuwa kullum tana ci, amma Litinin mutanen ƙauyuka da na duwatsun Mandara ke shigowa. Ka je da hantsi.

A bakin kasuwar akwai cibiyar masu sana'ar hannu, kuma don ita mutane da yawa ke zuwa garin: takalma, jakunkuna, matasan fata, shimfiɗun tebur masu ɗinkin hannu, saƙi, kayan tagulla. A nan sai ka natsu. Ka shinshina fata, wadda jimarta ba ta nuna ba tana da ɗoyi, kuma ɗoyin ba ya fita. Ka jiƙa yatsa ka goga a wurin da ba ya nunawa, in rini ya biyo yatsanka to zai biyo farar rigarka. Takalmi ka lanƙwasa shi ka duba gindin, ɗinki kake so ka gani, wanda gam kawai ya riƙe zafin kwalta zai buɗe shi. Jaka ka ja maratayinta da ƙarfi a gaban mai ita, ba zai ji haushi ba in aikinsa na kirki ne.

Farashin farko na baƙo ne. Ka taya ƙasa sosai da fara'a, ka riƙa hawa kaɗan-kaɗan. In ya ce albarka, ka yi godiya ka matsa rumfar gaba, kayan iri ɗaya ne a rumfuna da yawa. Amma in ya ce ya sallama a kan abin da ka taya, ka saya, janyewa a nan abin kunya ne. Mai sayen da yawa, kamar takalma ashirin na sari, ya nemi a haɗa shi da masu ɗinkin kansu, ya ba da rabin kuɗi, sauran sai an kawo.

Abin da aka yi da fatar kada, ko ta mesa, ko haure, kada ka taɓa komai arharsa. Ma'aikatan gandun daji suna duba kaya a hanya, za a ƙwace, kuma maganar ba ta tsayawa a ƙwacewa.

Da yamma ka nufi unguwar Domayo, can ne tsire da gasasshiyar kaza da wuraren zama suke, ga zoɓo mai sanyi. Mai niyyar zarcewa Kuseri ya kwana, ya bi motar asuba, ya kuma tambayi mutanen ajans halin hanyar Mora da Waza a ranar, saboda lalacewarta da kuma sha'anin tsaro.

9. Komawa da kaya

Idan sayayyar ta fi ƙarfin hannunka, ba dole ne ka yi ta jan ta daga mota zuwa mota ba. Manyan ajans suna da sashen aika saƙo. Ka haɗa kayan a buhu, ka ɗinke baki, ka rubuta sunan mai karɓa kamar yadda yake a katinsa, da lambar wayarsa, da garin. Ka faɗi gaskiyar abin da ke ciki, ka karɓi rasit, ka ɗauki hotonsa ka tura wa mai karɓa. Albasa da busasshen kifi kada su shiga buhu ɗaya da kayan fata ko yadi, warin ba ya barinsu. Kuɗi, waya da takardu kuwa ba a aika su a buhu.

Wanda zai kama jirgin Yawunde ya tuna da yamma yake tashi daga Ngaundare, kuma kusan kilomita 500 ke tsakanin Marwa da can. Kada ya dogara da motar da ta bar Marwa a ranar. Ya taso Talata, ya kwana Ngaundare, ya sayi tikitin jirgi da safiyar Laraba.